AAS, ICP ko XRF: Wace Na'ura ce ta Dace da Ɗakunan Gwaje-gwajenmu na Bauchi da Gombe?

Duk sashen kemistiri da kuɗin sayen kayan aiki suka zo masa, ko daga asusun TETFund ko daga gwamnatin jiha, yakan tsinci kansa a gaban shawara mai nauyi, domin kuɗin ba sa isa a sayi komai, kuma abin da aka saya shi za a zauna da shi shekara goma ko fiye. Wannan ya shafi Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, kamar yadda ya shafi Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, har da hukumomin ruwan sha da na kare muhalli. Dillalan na'urori sukan zo da takardu masu sheƙi waɗanda ke nuna abin da na'ura za ta iya yi a ɗakin da wuta ba ta yankewa kuma iskar gas tana bakin ƙofa. Abin da nake so mu duba shi ne abin da kowace na'ura za ta iya yi a nan wurinmu, a kan irin samfuran da ɗalibanmu da masu bincikenmu suke kawowa.

Samfuran nan kuwa sanannu ne. Akwai ruwan rijiya da na burtsatse, da ruwan madatsar Gubi wadda birnin Bauchi ke sha, da na Dadin Kowa a kan kogin Gongola. Akwai ƙasar gonakin da ke kewaye da masana'antar siminti ta Ashaka a Funakaye, da ta wurin haƙar kwal na Maiganga a Akko, da ta wuraren haƙar ma'adinai na Toro da Alkaleri, sannan ga yankin Kolmani inda aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a watan Nuwamba na 2022. Ga kuma alayyafo da latas na lambunan da ake shayarwa da ruwan kwata, ga kifi, ga kwalli da magungunan gargajiya. Yawancin tambayoyin da ake yi a kan waɗannan abubuwa tambaya ɗaya ce: nawa ne yawan dalma ko kadmiyam ko asanik ko kiromiyam a ciki, kuma ya haura ƙa'ida ko bai haura ba?

Kusan dukan na'urorin da za mu kwatanta da haske suke aiki. Kowane sinadari yana da tsawon zangon haske nasa na musamman wanda yake zuƙa ko yake fitarwa, saboda haka zangon yakan faɗa mana wane sinadari ne, ƙarfin hasken kuma ya faɗa mana yawansa. Inda suka sha bamban shi ne yadda ake zuga sinadarin, da ƙanƙantar abin da na'ura take iya gani, da abin da take ci kullum kafin ta yi aiki.

Mafi sauƙinsu ita ce na'urar auna launi da ake kira UV-Vis, wadda tun fitowar samfurin Beckman DU a 1941 ba ta bar ɗakunan gwaje-gwaje ba. Tana aiki da haske mai tsawon zango daga kusan nanomita 190 zuwa 1100, ba ta buƙatar gas ko kaɗan, kuma ƙaramar inbata mai batir tana riƙe ta yini guda. Ana sa wa samfurin ruwa wani sinadari da zai ba shi launi, sai a auna ƙarfin launin: baƙin ƙarfe a nanomita 510, kiromiyam mai guba a 540, fosfet a 880, naitiret kuma kai tsaye a 220. Har fuloraid ana iya aunawa da ita a 570, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mutanen Kaltungo da kewaye, inda yawan fuloraid a ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana ɓata haƙoran yara, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ce a lita. Wanda zai dage a kan fuloraid ya lura cewa babu ɗaya daga cikin manyan na'urori masu tsada da za mu ambata nan gaba da ke auna shi ta hanyar da aka saba, don haka wannan ƙaramar na'ura, ko sandar lantarki ta musamman ta fuloraid, ita ce mafita. A ganina babu sashen da ya kamata ya yi maganar babbar na'ura alhali UV-Vis ɗinsa ba ta da lafiya, ko ba shi da 'yan kwalaben zuba samfuri na dutsen kwaz (quartz) waɗanda sai da su ake aiki a ƙasa da nanomita 340. Amma ga dalma da kadmiyam a ruwan sha, ba ita za a dogara da ita ba.

Daga nan sai AAS mai harshen wuta, wadda ita ce mafi yawan malamai ke fara ambata. Alan Walsh ne ya bayyana hanyar a Ostireliya a 1955. Ana tsotse ruwan samfuri a fesa shi cikin harshen wutar asitilin da iska, mai zafin kusan digiri 2300, sinadaran su warwatse su koma ƙwayoyin zarra, sai a haska su da fitila ta musamman wadda aka ƙera da ainihin ƙarfen da ake nema. Fitilar dalma daban, ta tagulla daban, ta tutiya daban, kuma kowane ƙarfe sai an auna shi shi kaɗai: dalma a nanomita 283.3 ko 217.0, kadmiyam a 228.8, tutiya a 213.9, baƙin ƙarfe a 248.3. Kyawunta shi ne juriya da sauƙin koyo. Ma'aikaci mai natsuwa yana iya ƙwarewa a kanta cikin 'yan makonni, awon samfuri ɗaya daƙiƙoƙi ne kawai, kuma asitilin da take ci bai wuce lita 2 zuwa 3 a minti ba. Ga ƙasar gona da ganyayyaki da takin zamani da abincin dabbobi, inda ƙarafa suke da ɗan yawa bayan an narkar da samfuri a asid, tana ba da sakamako abin dogaro.

Sai dai tana da sharuɗɗan da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Asitilin ɗin da masu walda ke amfani da shi ba shi da tsabtar da na'urar ke bukata, yana sa harshen wuta ya yi ta rawa, sakamako ya yi ta hawa da sauka. Tukunyar asitilin tana ɗauke da asiton a ciki, saboda haka ba a bari ta ƙare ƙaf, domin idan matsinta ya yi ƙasa sosai asiton ɗin yakan biyo bututu ya lalata kayan cikin na'ura, kuma ba a haɗa ta da bututun tagulla saboda haɗarin fashewa. Dole ne a sami bututun fitar da hayaƙi a saman wutar. Fitilu suna tsufa ko da ba a yi aiki da su sosai ba, don haka sayen fitila ashirin rana ɗaya ɓarnar kuɗi ce idan takwas ne za a riƙa kunnawa. Wanda kuma yake son alminiyam ko silikon sai ya nemi wani gas ɗin da wani kan wutar daban, saboda suna bukatar zafin da ya fi wannan.

Babbar maganar da ta sa na ɗauki alƙalami tana nan. Ƙa'idar dalma a ruwan sha, a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya da kuma a ƙa'idar Nijeriya ta NIS 554, ita ce miligiram 0.01 a lita, ta kadmiyam kuma 0.003. Su kuwa sanannun hanyoyin gwajin ruwa suna sa iyakar ganin AAS mai harshen wuta ga dalma a wajen 0.05 zuwa 0.1, wato ƙaramin abin da take iya gani da tabbas ya ninka ƙa'idar sau biyar zuwa goma. Ma'anar wannan ita ce idan ɗalibi ya kai ruwan burtsatse aka sa a wannan na'ura ta nuna masa 0.02, bai halatta ya rubuta cewa ruwan ya ninka ƙa'ida sau biyu ba, haka nan idan ta nuna sifiri bai halatta ya ce ruwan ba shi da dalma ba, domin lambobin biyu duk suna cikin rawar na'urar ne. Ba a auna zinariya da sikelin da ake ɗora buhun masara. Abin yana damuna matuƙa, saboda irin wannan lamba tana iya tsorata unguwa guda ta bar rijiya mai kyau, tana kuma iya kwantar wa uwa hankali ta ci gaba da ba jaririnta ruwa mai guba, kuma dalma ba ta da wani adadin da aka sani ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Ana iya tattara ƙarfen daga ruwa mai yawa zuwa kaɗan kafin awo don a rage wannan gibi, amma aiki ne mai bukatar hannu mai tsabta da asid mai tsabta ƙwarai, kuma kowane mataki da aka ƙara ƙofa ce ta shigowar datti.

Maganin wannan a cikin dangin AAS shi ne tanderun girafait, wanda Boris L'vov na Rasha ya fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1950. A nan ɗigo ɗaya ake sawa, kamar maikurolita 20, a cikin ɗan bututun girafait, lantarki ya busar da shi, ya ƙona dattinsa, sannan ya zafafa shi farat ɗaya, ƙwayoyin zarra su taru a ƙaramin wuri a gaban hasken fitila. Da haka ake ganin dalma har ƙasa da maikurogiram 1 a lita, wanda ya yi ƙasa da ƙa'ida sau goma ko fiye. Kuɗin da ake biya a kan wannan gani shi ne lokaci, domin kowane awo yakan ci minti 2 zuwa 3 ga ƙarfe ɗaya, ga bututun girafait da ke ƙarewa bayan 'yan ɗaruruwan ƙonawa, ga ruwan sanyaya tanderu, ga wuta mai ƙarfi a lokacin zafafawa wadda ƙaramin janareta ba ya ɗauka. Tana bukatar gas ɗin agon, amma kaɗan, ta yadda tukunya ɗaya takan daɗe. Asanik da zaiba kuwa suna da ƙananan kayan haɗi nasu da ake jona wa AAS, waɗanda ke mayar da su tururi kafin awo, kuma farashinsu bai kai na sabuwar na'ura ba ko kusa. Idan ruwan sha ne ginshiƙin binciken sashe, AAS da ta haɗa harshen wuta da tanderu a jiki ɗaya ita ce nake ganin ta fi cancanta da kuɗin.

To, me ya hana a tsallake duk wannan a sayi ICP, tunda ita ce ake yayi? Ta fuskar iya aiki babu gardama. ICP-OES, wadda aka fara bayyanawa a 1964 da 1965 a Ingila da Amurka, tana amfani da filasmar agon, wato gas ɗin da lantarki ya zafafa matuƙa, mai zafin digiri 6000 zuwa 10,000, tana kuma auna ƙarafa ashirin ko talatin a lokaci guda cikin 'yan mintoci ba tare da sauya fitila ba. ICP-MS, wadda ta shiga kasuwa a 1983, nauyin ƙwayoyin zarra take ƙirgawa maimakon haskensu, kuma tana gani har ƙasa da abin da tanderun girafait ke gani. Amma a yi lissafin gas. Tukunya mai lita 50 da aka cika a matsin bar 200 tana ɗauke da kimanin lita 10,000 na agon, ita kuwa ICP ta gargajiya tana cin wajen lita 15 a kowane minti, wato tukunya ɗaya ba ta wuce aikin awa 11 ba, har da lokacin da ake jira na'ura ta ɗumama. Agon ɗin kuma sai mai tsabtar kusan kashi 99.995 cikin ɗari, wanda sai an yi odarsa daga nesa a biya kuɗin mota zuwa da komawar tukwane. Bayan haka akwai na'urar sanyaya ruwa, da iyakwandishan da ba ya tsayawa, da ɗaki rufaffe wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, sannan ICP-MS tana da famfunan zuƙe iska waɗanda yankewar wuta ba zato take yi wa lahani. Idan ta lalace, injiniyan da zai gyara ba a Bauchi yake ba, ba a Gombe yake ba. Na'urar da ke da samfura ɗaruruwa a kowane mako tana biyan wannan ɗawainiya, amma sashen da samfuransa ke zuwa a lokacin rubuta kundin kammala karatu kawai zai wayi gari da na'ura mai tsada a lulluɓe da leda. Ra'ayina shi ne ICP guda ɗaya a cibiya ta tarayya, mai wutar sola da batura da kasafin gas na shekara, wadda duk makarantun jihohin biyu za su riƙa kai samfura suna biya, ta fi biyar da aka rarraba a sassa.

Akwai wata a tsakani da ta cancanci a duba, wato MP-AES da kamfanin Agilent ya fitar a 2011. Filasmarta ta naitirojin ce, kuma ana iya tace naitirojin ɗin daga iskar da muke shaƙa da wata na'ura da ake saye tare da ita, don haka an huta da asitilin da haɗarinsa, an huta da fitilu. Ga ƙasa da tsirrai ta fi harshen wuta gani da sauri. Ga dalma a ruwan sha kuwa ganinta a bakin ƙa'ida yake, ba ta maye gurbin tanderu, kuma dogaronta gaba ɗaya a kan wutar lantarki ne.

XRF dabam take da duk waɗannan, domin ba ta bukatar a narkar da komai. Ana haska ƙasa ko dutse ko fenti da hasken eksire, kowane sinadari ya mayar da nasa hasken mai ƙarfi na musamman, bisa ƙa'idar da Henry Moseley ya gano a 1913. Wadda ake riƙewa a hannu tana ba da sakamako cikin minti ɗaya ko biyu a tsakiyar gona, da batir, ba gas ba asid. Amfaninta ya bayyana a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da irin wannan na'ura ta hannu masu aikin tsabtace ƙauyukan suka riƙa bi gida-gida suna gano ƙasar da za a kwashe, kuma da a ce sai an kai kowane samfuri birni an narkar, da aikin ya ɗauki lokacin da yaran ba su da shi. Makamancin wannan bala'i ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Jihohin da ake haƙar ma'adinai da hannu kamar namu bai kamata a ce babu XRF ta hannu ko ɗaya a hukumar muhalli ko a jami'a ba.

Iyakokinta su ma a bayyane suke. Ganinta ga dalma a ƙasa yana farawa ne daga wajen miligiram 5 zuwa 20 a kilo, wanda ya wadatar ga ƙasa amma ba shi da wani amfani ga ruwan sha. Ba ta ganin sinadarai marasa nauyi sosai. Danshi da tsakuwa suna rage lambar da take nunawa, don haka sakamakon da za a buga a mujalla sai an shanya ƙasar, an daka, an tankaɗe. Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowane mai amfani da ita ya sani: babban layin asanik da ɗaya daga cikin layukan dalma kusan a wuri guda suke, wajen kilo-elektaron-bolt 10.5, saboda haka a ƙasar da dalma ta yi yawa lambar asanik ba abar amincewa ba ce sai an tabbatar ta wata hanya. Tunda kuma tana fitar da haske mai cutarwa, mallakarta na bukatar izinin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, da horar da mai riƙe ta.

FTIR, wadda ake yawan sawa a jeri ɗaya da waɗannan, wata tambaya take amsawa. Tana nuna irin haɗin da ke cikin man gyaɗa ko ƙaro ko roba ko farar ƙasa, ba ta faɗin yawan dalma. Wanda zai saya ya zaɓi mai farantin lu'ulu'u da ake ɗora samfuri kai tsaye, ya kuma tanadi abin tsotse danshi, domin laimar damina tana cinye sassanta na gishirin KBr. Maganin ƙwari a wake da gubar fumfuna a gyaɗa kuwa babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke auna su yadda ya kamata, nasu kayan daban ne.

Idan na haɗa duka, sashen da koyarwa da binciken ƙasa da tsirrai suka fi yawa a aikinsa ya tsaya a kan UV-Vis mai kyau da AAS mai harshen wuta, ko MP-AES idan yana da wuta tsayayya kuma samun asitilin mai tsabta yana ba shi wahala, ya kuma hana ɗalibansa yanke hukunci a kan dalmar ruwan sha da su. Hukumar ruwa ko sashen da ya sa lafiyar al'umma a gaba ya ƙara kuɗi ya ɗauki tanderun girafait da kayan haɗin asanik. Masu ilmin ƙasa da ma'adinai da masu kula da muhalli su fara da XRF ta hannu, su riƙa aika kashi ɗaya cikin goma na samfuransu a tabbatar ta hanyar narkarwa. Samfuran da suka fi ƙarfin gida ana iya kai su Zariya, inda cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, take, da kuma cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello mai ƙaramin tanderun nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004.

Ko wace aka zaɓa, kada a zuba kuɗin duka a jikin na'ura. A ware kaso mai tsoka na na'urar tace ruwa zuwa tsabtar mega-om 18.2, da asid ɗin naitirik na awon ƙarafa, da akwatin zuƙe hayaƙi, da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin dubu goma na giram, da inbata mai sitabilaiza, da ruwan ma'auni da bai wuce wa'adinsa ba, da samfurin tabbaci irin ƙasar Montana ta hukumar NIST ta Amurka wadda an riga an san abin da ke cikinta. A takardar kwangila kuma a rubuta cewa dillali zai kafa na'urar, ya horar da ma'aikata aƙalla biyu na dindindin a wurin, ya kawo kayan gyara na shekara biyu, kuma ba za a biya shi ragowar kuɗinsa ba sai na'urar ta auna samfurin tabbacin nan a gaban kwamitin sashe ta ba da lambar da ke rubuce a takardar shaidarsa.